Abin da Ba a Faɗa Gaban Ɗan Fari

Ranar da na fara shiga gidan tsofaffin nan na bayan Lyon, ƙamshi ne ya tare ni tun daga bakin ƙofa. Ƙamshin lemun tsami, irin na ruwan goge daɓe, an zuba shi har yana sa ido hawaye. Ni kuwa na yi shekaru ina goge birorin mutane, wato ofisoshinsu, a Paris, na san ba a zuba shi haka sai in akwai abin da ake so ya danne. Na wuce ciki kawai. Baƙuwa ce ni, kuma wanda ya kawo ni yana gefe yana ta nuna mini furannin da aka jera a taga.

Wadda na je gani yayata ce, ko da yake ba ciki ɗaya muka fito ba. Unguwarmu ɗaya a Damagaram, ta girme ni da kaɗan. Mazanmu suka zo ƙasar nan aikin dako a kasuwar Rungis, daga baya muka biyo su, aka ba mu gida a Stains, bene ɗaya, ita a sama ni a ƙasa. Idan ta ƙwanƙwasa daɓe da muciya na san gishiri ya ƙare mata. Haka muka zauna har muka binne mazan nan duka biyu.

Ɗanta na fari a bayana ya girma. Yaya mai kunya ce irin ta mutanen da, kunyar da yanzu sai an tona. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta goya shi gaban mutane ba, ko nono sai an fita an bar mata ɗaki. In za ta ambace shi sai ta ce “wancan”. Ni na yi masa wanka, ni na kai shi lakwal, wato makarantar boko, da muka zo nan, ni na tsaya masa ranar aurensa. Shi ya sa ni yake kira Inna, ita kuwa Hajiya. Ya girma, ya samu aikin tuƙin bas a Lyon, ya zauna a unguwar Minguettes da matarsa. Da mahaifinsa ya rasu ya zo ya ɗauke ta ta koma wurinsa.

Can ciwon ya same ta. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, kuma ɗan Faransancin da ta tara na kasuwa da na likita ya tafi da shi, sai Hausa ta rage mata. Gidansu a can ƙololuwar bene yake, asansar ɗin da ke hawa da mutane sama yau yana aiki gobe ya mutu, shi yana fita aiki, matarsa tana fita. Da ya kira ni ya ce sun samar mata wuri a gidan tsofaffi, na kashe salula a kunnensa. Daga baya na huce. Na san yaron da na goya, ba mugu ba ne. Na ce ya zo tasha ya ɗauke ni in ga wurin da idona.

Na tarar da ita a kwance, an ja mata bargo har haɓa, an sa mata safa, an ɗaura mata kallabi irin ɗaurin wanda bai taɓa ganin kallabi ba. Zanin gado fari fat, har da alamar ninki. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, na tambayi jiki ta ce da sauƙi, ta tambayi mutanen Stains gida gida. Shi kuwa yana tsaye bakin taga da hularsa a hannu.

“Hajiya, ina wuni? Ya jiki?”

Ta juya fuska ga bango. “Lafiya lau.”

Wannan bai dame ni ba, haka suke tun yana rarrafe. Wasu abubuwa ne suka tsaya mini. Kofin ruwa yana kan tebur ta ɓangaren hannun da ya mutu. Igiyar ƙararrawar da ake dannawa a kira masu kula an naɗe ta an rataye a ƙusa can sama, inda ko ni mai tsaye sai na miƙe. Na kwance ta na ajiye mata kusa da hannun hagu, na mayar da kofin. Sannan na cire kallabin na tsefe mata kai, na yi mata kitso ƙanana irin wanda take so. Tana lumshe ido, ba ta ce komai ba sai “Allah ya yi albarka.”

Na koma Paris. Azumi ya zo ya wuce, sanyi ya fara janyewa, sannan na samu na sake tafiya. Ya zo tasha ya ɗauke ni kamar wancan karon. Ƙamshin lemun tsami yana nan, bargo har haɓa, safa, farin zani mai ninki. Igiyar ƙararrawa ta koma ƙusarta. Na cire kallabin zan gyara mata kai, sai hannuna ya tsaya. Kitsona ne. Wanda na yi mata kafin azumi, yana nan, ya cukurkuɗe ya manne da fatar kai, amosani ya cika tsagar, ta ƙeya gashin ya dunƙule kamar tsummar da aka manta a lungu. Ruwa bai taɓa kan nan ba.

Na ce masa, “Je ka samo mini man kitso da mataji mai manyan haƙora.”

“Inna, yanzu? Farmasin da nisa.”

“Ko a Marseille yake, je ka.”

Da ya fita na rufe ƙofa na zauna bakin gado. “Yaya, yaushe rabon da a yi miki wanka?”

“Ana yi.”

“Ni za ki gaya wa ana yi? Ni da na san warin jikinki tun muna ɗebo ruwa?”

Ta kalli ƙofa, ta kalli rufi. “Wancan yana da tasa wahalar. Ki bari.”

Na kai hannu zan ɗaga bargon ta riƙe shi da hannun hagu, riƙo mai ƙarfi, har na yi mamakin ƙarfin da ya rage mata. Na ƙyale. Amma tun daga nan zuciyata ba ta sake kwanciya ba.

A jirgin ƙasa na dawowa babu wanda ban zarga ba. Na zargi matarsa, na ce ko ita ta zaɓi wurin don ya yi nisa da ido. Na zargi shi kansa, na ce ko ya sani yana rufewa. Na zargi matar da ke zaune a biron ƙasa, wadda murmushinta yake fitowa kafin ta ɗaga kai ta ga ko wane ne. Sai wajen rabin hanya abin ya faɗo mini: duk zuwan da na yi, shi yake buga musu waya ya ce ga ranar da za mu zo, don a ajiye mana wurin mota. Mu da kanmu muke aika musu sanarwa. Kuma na tuna wata ƴar Bamako mai aikin kula da su, siririya, wadda ta wuce ni a baranda tana tura keken zannuwa. Ba ta dube ni ba. Ta dai ce, kamar da zannuwan take magana, “Tanti, ranar Lahadi babu kowa a biro.” A lokacin na ɗauka korata take, wato kada in zo Lahadi. Har ita na zarga. Na juya maganar na sake juyawa, na ce ruwa ba ya tsami banza.

Na zaɓi wata Lahadi ban gaya wa kowa ba, ko ƴaƴana. Daga tasha na shiga metro, na shiga bas, na ɓata hanya na tambaya, na isa bayan azahar. Babu lemun tsami ranar. Warin da yake dannewa ne ya fito ya yi mini maraba. Barandar shiru, sai wani tsoho Bature a wani ɗaki yana kiran “madam, madam” da muryar da ta riga ta gaji.

Abincin rana yana kan tebur, ya huce, murfin roba a liƙe, irin wanda sai da hannu biyu ake ɓarewa. Kofin ya koma dama. Ba safa, ba farin zani. Ta gan ni ta rufe ido.

“Wa ya kawo ki?”

“Ƙafata.”

Wannan karon ban nemi izini ba. Diddigen ƙafar dama ya yi baƙi, ya buɗe. Zanin da ke ƙarƙashinta sharkaf, kuma ba jiƙewar sa'a ɗaya ba ce. Na fita baranda na yi ta kira har ƴar Bamakon ta fito daga wani ɗaki da gudu, gumi a goshinta. Ita kaɗai ce a hawan nan duka. Na shirya mata zagi tun daga cikin bas, amma da na ga irin gajiyar da ke tare da ita sai na haɗiye. Muka juya Yaya tare. Abin da na gani a ƙasan bayanta, wajen ƙugu, ba zan kwatanta shi ba. Rami ne, an liƙa masa auduga da ta daɗe da gama aikinta.

Ƴar Bamakon ta ce a hankali, “Na faɗa, tanti. Na faɗa na sake faɗa. Kada ki ce ni na ce ki zo.”

Muka wanke ta da ruwan ɗumi, na ɓare abincin na ba ta a baki. Sai da cikinta ya ɗauka sannan bakinta ya buɗe. Ta ce da safe wani namiji ne ake turowa ya yi mata wanka, saurayi, sa'an jikanta. In ya kai hannu ga zaninta sai ta riƙe ta girgiza kai, shi kuma ya ɗaga kafaɗa ya fita. Ba mai dawowa. Ta ce tana ta cewa “mace, mace”, ba mai jin abin da take faɗi. Ƙararrawa kuwa an ɗauke ta ne don ta cika dannawa lokacin alwala.

“Kuma duk wannan ba ki gaya masa ba?”

“In ce masa me? In ce masa ina kwana cikin fitsarina? Ni? Gabansa?” Ta kama wuyan hannuna. “Ki ji ni da kyau. In kika buɗe masa jikina ya gani, ban yafe miki ba.”

Na kwana gidan wata ƴar garinmu a Vénissieux. Washegari da safe na tsaya a biron shugabar gidan. Mace ce mai tsabta, ta ba ni kujera, ta ba ni ruwa, ta saurari Faransancina har ƙarshe ba ta gyara mini ko kalma ba. Sannan ta tambaye ni ni wace ce a wurin madam.

Na ce yayata ce.

Uwa ɗaya? Uba ɗaya?

Na ce unguwa ɗaya, bene ɗaya, makabartar miji ɗaya.

Ta yi murmushi ta ce ta fahimta, amma maganar lafiyar madam ba ta da ikon yin ta sai da mutumin da aka rubuta, wato ɗanta. Abin da za ta iya gaya mini kawai shi ne madam tana ƙin a yi mata wanka, kuma doka ta ba ta damar ƙi, ba a tilasta wa kowa. Ciwon diddige sun sani, ana kula da shi. Na bayan ba ta ambata ba, ni ma na yi shiru in ga ko za ta ambata. Sai ta sassauta murya ta ce sun lura akwai saɓani a cikin iyalin. Madam ba ta kallon ɗanta, ba ta kiran sunansa, in ya shigo sai ta juya baya. Irin wannan, in ji ta, yakan sa tsoho ya saki jiki ya daina son a taimake shi.

Na zauna ina kallon bakinta. Kunyar da Yaya ta riƙe shekara da shekaru, wadda ake yaba mata a kanta a gidan suna da gidan biki, ita ce aka karanta a matsayin gaba, aka jingina ramin bayanta a kai. Kuma duk duniya mutum ɗaya suka amince su yi magana da shi, shi ne mutum ɗayan da ba za ta taɓa buɗe baki gabansa ba. Ko sun san haka suka ji daɗinsa, ko ba su sani ba, har yau ban yanke ba.

Na jira shi a gidansa ya taso daga aiki. Matarsa ta kawo shayi ta ja ƙofa ta bar mu. Na gaya masa na je jiya, na gaya masa na abinci da na ƙararrawa da na diddige. Na ce akwai wani ciwon da ya fi wannan, amma ba ni da bakin kwatanta masa.

“Inna, kullum na je ina tambayarta. Ta ce lafiya lau.”

“To me kake so ta ce maka?”

“Likitansu ya ce duk wanda ya daɗe a kwance yakan samu irin wannan. Normal ne.”

“Normal a gidan ubanwa?”

Ya ajiye kofin. Mutum ne mai furfura a gemu yanzu, amma ya sunkuyar da kai kamar ranar da ya fasa mini tulun turare. “Fushi take da ni, Inna. Don na kai ta can. Ai kin gani, ko kallona ba ta yi. Dama can ba ta taɓa yi ba, yanzu kuma na ba ta dalili.”

“Kai, rufe mini baki. Ɗan fari ne kai. Kunyarka take ji.”

“Na sani, kin sha faɗa mini. Amma kunya har shekara nawa? Abokaina uwayensu suna rungume su a tasha.”

Nan na gane dalilin da ya sa ziyararsa ba ta wuce tsayuwar bakin taga. Yana shiga ya karɓi hukuncinsa ya fita, bai taɓa zama ya duba kofi yana wane gefe ba. Sannan ya faɗi abin da ke cin sa a ƙasa: in ya tayar da rigima ya zamana ba wani abu ba ne, su ce ya ɗauke ta, ina zai kai ta? Wuri wuya gare shi. In kuma suka bar ta suka riƙe abin a ciki, ita za ta sha, yana can yana tuƙi.

Wannan tsoron ba na wofi ba ne, ni ma ina da shi. Shi ya sa na ce mu je mu tambayi wanda ya sani. A ma'aikatar magajin gari akwai ranar da aboka, wato lauya, yake zama yana ba mutane shawara kyauta. Matarsa ce ta samo mana randebu, wato lokacin ganawa, wannan kuwa ya rage mata zargi a wurina, ko da yake bai share duka ba.

Abokar mace ce, ƙaramar yarinya mai tabarau, tana cin biskit a ɓoye cikin aljihun tebur. Na ce a raina wannan me ta sani. Amma ta yi magana dalla-dalla, shi yana juya mini inda ban kama ba. Ta ce hanya ba ɗaya ba ce. Ana iya kai ƙara ga hukumar lafiya da ke sa ido kan irin gidajen nan, su aiko masu bincike. Ana iya zuwa kwamisariya, wurin ƴan sanda, ko a rubuta wa mai gabatar da ƙara, in sakacin ya kai ga rauni. Ana iya neman diyya a kotu daga baya. Madam tana da ikon a ba ta dosiyenta na likita, wato takardun jinyarta, tana da ikon barin gidan, kuma ba su da ikon korarta don an yi ƙorafi. Ƙin wanka, in ji ta, ba ya wanke su: aikinsu ne su nemi dalilin ƙin, kuma juya mara lafiya da ba shi ruwa ba su da alaƙa da wanka. Ta ce kafin komai a samu likitan da ba na gidan ba ya duba ta ya rubuta abin da ya gani, a ɗauki hoto in ta yarda. Har ta ce madam tana iya canza mutumin da aka rubuta ta sa wanda take so, ko ba dangi ba.

Sannan ta tambaya, “Hankalinta yana nan?”

Na ce ya fi nawa da naki.

Ta yi dariya ta ce to maganarta ita ce gaba da ta kowa. Ba a yin komai a bayanta. Ita me ta ce?

Ya ce, “Ta ce lafiya lau.”

Muka fito. Ya ja mota har muka wuce gada. Na san abin da yake juyawa: Inna ta tsufa, Inna dama ba ta son gidan tun farko, Inna in ta ga kaza sai ta ce jimina. Bai faɗa ba, amma ni na goya shi. Ba zai motsa ba sai ya ji daga bakinta, ita kuma ba za ta faɗa gabansa ba ko da ramin zai kai ƙashi. Zancen a sa sunana a madadinsa kuwa sai an yi takardu an jira, ni ina Paris, naman bayanta ba zai jira ba.

Na ce, “Juya motar. Can za mu. Kada ka buga musu waya.”

Muka hau tare muka gaishe ta kamar kullum, ita ga bango, shi ga taga. Can na ce da ƙarfi, “Kai, tafi ka jira ni a mota, za mu yi maganar mata.” Na raka shi bakin ƙofa, na kama rigarsa na tsayar da shi a baranda jikin bango, na ɗora yatsa a bakina. Na dawo na bar ƙofar a sakaye, ba a rufe ba.

Na zauna. “Yaya, na je wurin aboka. Ta ce sai abin da kika faɗa. Gaya mini daga farko, yadda zan kai mata.”

Ta dube ni. Idonta ya je ga ƙofar ya tsaya can. Yana da wani ɗan tari da yake yi in ransa ya ɓaci, tun yana yaro, kuma ya yi shi a lokacin, a hankali. Na ce shi ke nan, ta ji, an gama.

Sai ta gyara kai a matashi ta fara magana, da muryar da ta fi wadda take mini magana da ita ƙarfi. Ta faɗi na saurayin da ake turowa. Ta faɗi yadda take kallon kofin ruwa daga safe har la'asar. Ta faɗi ranar da ta zame daga kujera ta wuni a ƙasa, aka ɗaga ta aka ce kada ta damu ɗanta da wannan. Ban san wannan ba sai ranar. Ta faɗi na bayanta, da sunansa, ba ta sakaya ba, ta ce yana ci kamar an ɗora garwashi, kuma kwana biyun nan tana jin sanyi yana shigarta har haƙora. Ta ce sallarta duk a zuci take yi, don ba ta da tsarkin da za ta ɗaga hannu da shi.

“Ki gaya wa wancan,” ta ce, fuskarta ga bango, “ban yi fushi da shi ba. Wanda ya ɗauke ni daga Stains ya sa ni a ɗakinsa, ya koma kwana a falo, me zan riƙe masa? Ki ce masa dai na gaji da nan.”

Na fita baranda. Yana tsugune, hularsa a fuska. Ban ba shi lokacin kuka ba. Na ce, “Ka ji zancen sanyin nan? Zazzaɓi ne. Kira ambilans.”

Shugabar gidan ta hau da sauri ta ce ba sai an kai ga haka ba, likitansu zai zo gobe, a zauna a biro a tattauna. Ya miƙe ya yi mata Faransancin da ban taɓa jin ya yi ba, a hankali, ba ihu. Ya ce shi ne mutumin da aka rubuta, uwarsa ta ce ta gaji, kuma yana son dosiyenta cikakke. Da masu ambilans suka zo na tsaya a kansu na ce mace za ta riƙe ta wajen ƙugu, shi kuma na tura shi gaba ya riƙe asansar.

A asibiti likita mace ce ta duba ta. Ta fito ta ce ciwon ya shiga jini, an zo da ita a kan gaɓa, kuma za ta rubuta duk abin da ta gani. Yaya ta yarda aka ɗauki hoto bisa sharaɗin ya tafi wurin aboka a rufe, kada ya bi ta hannun wancan. Da wannan takardar ya je kwamisariya, ya kuma rubuta wa hukumar lafiya. An ce masu bincike sun je gidan. Abin da suka tarar ban sani ba, ban kuma san ko an buga wa gidan waya kafin su je ba. Ƙarar tana nan ba a kira mu ba tukuna. Abokar ta ce irin wannan yana daɗewa. Ƴar Bamakon na tambaya aka ce ta bar aikin, ba wanda ya gaya mini ko da ƙafarta ta fita.

Yaya ba ta koma can ba. Ta daɗe a asibiti, ramin yana cikowa kaɗan kaɗan. Ranar da zazzaɓin ya sauka ina zaune gefenta ina ɓare mata lemu, shi ya sauka neman shayi. Ta bi bayansa da ido har ƙofa ta rufe.

“Ya ji?”

“Ya ji.”

“Duka?”

“Har na bayan.”

Ta karɓi lemun da hannun hagu ta daɗe tana tsotsa.

“Ke dai ba ki da ta ido, tun kina yarinya,” ta ce. “In ya dawo ki ce masa ya zauna. Tsayuwar nan tasa tana sa ni jiri.”